Dariya A Cikin Duhu: Raddi Ga Masu Raina Barkwanci A Finafinan Laifi

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a bakin masu ɗaukar kansu masana fim, har ya fara zama kamar karatun da ba a ja da shi. Cewa suke yi fim ɗin da ya ɗauko zancen kisan kai da cin amana da kwaɗayin dukiya bai kamata ya ba mutane dariya ba. In ya kuskura ya ba da dariya, to ya zubar da girmansa, ya bar sahun manya ya koma cikin 'yan kama. In kuma ya haɗa da tafiye-tafiyen kasada, yau a jirgin ruwa, gobe a bakin wata gaɓa da ba a sani ba, sai su ce ai wannan hatsin bara ne, mai shi bai san inda ya dosa ba. A wurinsu, gwargwadon yadda fim ya ɗaure fuska, gwargwadon darajarsa.

Ni kuwa ina ganin ra'ayin nan kuskure ne tun daga tushe, kuma ɓarnarsa ba ta tsaya ga tsofaffin finafinan Turawa ba, ta biyo mu har gida. Hujjojina zan ɗauko su ne daga cikin finafinan da su masu ra'ayin suke rantsuwa da su.

Finafinan da ake magana su ne waɗanda aka yi a Amurka tsakanin shekarun 1940 da na 1950, masu hoto baƙi da fari. Wanda ya taɓa ganin ɗaya zai gane sauran. Dare ne kusan kullum, ruwan sama ya jiƙa kwalta, hayaƙin taba ya cika ɗaki, inuwar mutum ta fi shi tsawo a jikin bango. Akwai mai binciken laifi da ake ɗauka haya, aljihunsa babu nauyi, bakinsa kuwa ya fi reza. Akwai mace kyakkyawa wadda ba ta faɗar gaskiya sai ƙarya ta ƙare mata. Faransawa ne suka raɗa musu suna film noir, mu kuwa bari mu kira su finafinan duhu. Yadda sunan ya samu shi ne, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu an hana shigar finafinan Amurka. Da yaƙi ya ƙare, a shekarar 1946, sai suka kwararo gidajen siliman Faris kusan a lokaci guda. Wani marubuci mai suna Nino Frank ya ga yadda suka yi kama da juna wajen duhun hoto da duhun zuciya, ya yi amfani da wannan suna a rubutunsa na wannan shekara. A 1955 Raymond Borde da Étienne Chaumeton suka fitar da littafi sukutum a kansu.

Ka lura da wannan, ya kai mai karatu. Waɗanda suka yi finafinan a Holiwud ba su san da sunan ba lokacin da suke aikinsu. Su dai labarin laifi suke yi don mutane su sayi tikiti su cika silima. Daga baya ne aka zo aka kewaye gonar da shinge, aka kafa dokoki, aka ce wannan na ciki ne, wancan na waje ne. Masu gadin shingen nan su ne yau suke hana dariya shiga, alhali tun kafin a kafa shingen tana ciki tana kiwo.

Mu fara da fim ɗin da akasari ake cewa shi ya buɗe ƙofa, wato The Maltese Falcon na shekarar 1941, aikin farko da John Huston ya ba da umarni, wanda aka ɗauko daga littafin Dashiell Hammett. Humphrey Bogart ne ya fito a matsayin Sam Spade mai bincike. Gungun 'yan damfara ne suke farautar wani sassaƙen shaho da aka ce na zinariya ne da duwatsu masu daraja, an shafe shi da baƙin fenti don a ɓad da sawu. Shugabansu, wani ƙaton mutum mai zaƙin baki da ake kira Gutman, shekara 17 ya yi yana bin sawun tsuntsun nan ƙasa ƙasa. Kafin a kai ƙarshe mutum uku sun rasa rayukansu. Da tsuntsu ya zo hannu, aka kwance ƙunshi, Gutman ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare fentin, sai ga darma. Kallon kitse aka yi wa rogo. Abokin tafiyarsa Joel Cairo, wanda Peter Lorre ya fito a matsayinsa, ya hau zaginsa har da hawaye kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. Gutman ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi dariya, ya ɗauki hularsa, ya ce sai a nufi Santambul a ci gaba da nema.

To, a faɗa mini, wannan mene ne in ba barkwanci ba? Dubi kuma yadda Spade ya ƙwace bindigogi biyu daga hannun Wilmer, yaron Gutman mai cika baki, ya kai su gaban ubangidansa ya miƙa kamar kayan tsintuwa. Dubi yadda Gutman, bayan ya gama faɗar cewa kamar ɗa ya ɗauki yaron nan, ya amince a ba da shi ga 'yan sanda don a rufe maganar kisan. Mai kallo yana dariya, yana kuma jin sanyi a jikinsa, domin ya ga mutumin da ya auna ɗa da tsuntsu a ma'auni ɗaya tsuntsu ya rinjaya. Da an cire dariyar nan, da Gutman ya zama wani dodo mai kwarjini. Da aka bar ta, sai aka gan shi yadda yake, tsoho mai kwaɗayi da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan guntun darma. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce in da kwaɗayi da wulaƙanci, kuma wulaƙanci ba ya cika sai an yi wa mai shi dariya.

Nan ne jigon maganata. Mugu yana son a ji tsoronsa, domin tsoro wani nau'i ne na girmamawa. Fim ɗin da ya nuna ɗan ta'adda cikin kwarjini kaɗai, ba ya kuskure, ba ya tuntuɓe, ko da an kashe shi a ƙarshe ya riga ya yi masa kirari, kuma samarin da suka kalla tafiyarsa za su kwaikwaya, ba mutuwarsa ba. Dariya kuwa tuɓe masa rawani take yi a bainar jama'a. Ba a kwaikwayon wanda aka yi wa dariya.

Wani zai ce, to ai wani lokaci mugun ne yake ba da dariyar, shi ne mai daɗin baki, ka ga ke nan dariyar ta koma bayansa. Gaskiya ne, kuma amsar wannan tana cikin The Third Man na 1949, fim ɗin Ingila da Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta. A birnin Viyana aka yi shi, bayan yaƙi, gari ya zama kufai, ƙasashe huɗu da suka ci yaƙi sun raba shi a tsakaninsu. Holly Martins, marubucin ƙananan littattafan kaboyi, ya zo neman abokinsa Harry Lime, ya tarar ana jana'izarsa. Tun daga farko har ƙarshe kiɗan da ke tashi na wani irin molo ne mai tsirkiya da yawa da ake kwantarwa a kaɗa, Anton Karas ne ya kaɗa shi, kuma kiɗan kamar na gidan shan shayi yake, babu alamar makoki a cikinsa. Akwai inda aka cusa Martins cikin mota aka fizge ta da gudu, yana zaton kashe shi za a yi, ashe wurin lacca aka kai shi ya yi wa masu ilimi jawabi a kan adabin zamani, abin da bai san kansa ba. Suna yi masa tambaya yana kame-kame, suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito yana gudun masu farautarsa ya faɗa wani ɗaki mai duhu, aku ya cije shi a yatsa.

Shi kuwa Harry Lime, da ya bayyana da ransa, Orson Welles ya yi shi mutum mai fara'a da iya zance, wanda duk inda ya zauna sai an so shi. Mai kallo ya saki jiki da shi, ya yi dariyar maganganunsa. Sana'arsa kuwa ita ce satar maganin fanisilin daga asibitocin soja, ya tsarma shi da ruwa, ya sayar a kasuwar bayan fage. Sai hafsan sojan Ingila ya ɗauki Martins ya kai shi asibitin yara, ya zaga da shi gado gado ya ga waɗanda aka yi wa allurar jabun maganin suna fama da sanƙarau. Ba a nuna mana fuskar yaro ko ɗaya ba, fuskar Martins kaɗai muka gani. A wannan lokaci dariyar da muka yi a baya ta dawo ta tsaya mana a maƙogwaro. Mun gane cewa da mu aka yi cinikin, domin yadda Lime ya saye mu da fara'a haka ya saye kowa. Duk wanda ya taɓa sayen ƙwayar magani a kasuwa ya sha ta kwana uku babu sauƙi ya san irin su Lime ba a Viyana kaɗai suke ba, kuma ya san ba da ɗaurarriyar fuska suke zuwa ba. Fim ɗin da ya hana mugu fara'a ya yi wa mai kallo ƙarya game da yadda mugunta take shigowa gida.

Saura zancen kasada da tafiye-tafiye, wanda shi ma ake cewa yana tsinka duhun. A 1951 kamfanin RKO, lokacin yana hannun attajiri Howard Hughes, ya fitar da His Kind of Woman. Robert Mitchum ne ɗan caca da aka yi wa tayin dala 50,000 don kawai ya je wani wurin shaƙatawa a gaɓar tekun Meziko ya zauna ya jira. Bai san cewa wani shugaban 'yan daba da aka kora daga Amurka zuwa Italiya ne yake son a kashe shi, likita ya sauya masa fuska ta koma irin tasa, ya koma Amurka da sunansa ba. Rabin farko duhu ne sosai. A rabi na biyu sai ga Vincent Price a matsayin wani tauraron fim mai cika baki, wanda ya saba kashe abokan gaba a gaban kyamara amma bai taɓa ganin faɗan gaske ba. Shi ne ya yafa mayafi ya tara 'yan sanda da baƙin otal zai je ceto. Ya cika ƙaramin kwalekwale da mutane, ya tsaya a goshinsa yana zuba baitocin wasan kwaikwayo, kwalekwale ya nutse da su tun ba su bar bakin gaɓa ba. A daidai wannan lokaci, can cikin jirgin 'yan daba, ana dukan Mitchum da bel, ana shirin yi masa allurar da za ta shafe masa hankali. Hoto yana zuwa nan, yana komawa can.

Masu gadin shinge sun ce an lalata fim ɗin, finafinai biyu ne aka ɗinke da zare ɗaya. Gaskiya ne an sake ɗaukar sassa da yawa bisa umarnin Hughes, har aka kawo wani mai ba da umarni, Richard Fleischer, bayan John Farrow ya gama nasa. Amma a tambayi wanda ya kalla, a wane lokaci ne gabansa ya fi faɗuwa? Lokacin da ya ga rayuwar mutum tana rataye a hannun wawa. Duk jinkirin da shirmen mai ceto ya jawo, allura tana ƙara matsowa. Wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti cikin dare aka ce mai riƙe da mabuɗi ya fita shan shayi ya san abin dariya da abin kuka sukan zo a mota ɗaya.

Yanzu ga fim ɗin da ya fi kowanne shan duka a hannun masu wannan ra'ayi, kuma shi ne ya fi kusa da mu. A 1953 John Huston ya koma kan labarin gungun 'yan damfara, ya sake ɗauko Bogart da Peter Lorre, ya tafi da su wani ƙaramin gari mai suna Ravello a kan duwatsun gaɓar tekun Italiya, suka yi Beat the Devil. Daga littafin wani ɗan jarida na Ingila, Claud Cockburn, aka ɗauko shi, wanda ya buga da sunan aro James Helvick. Huston bai gamsu da rubutun farko ba, sai ya kira wani matashin marubuci ɗan shekara 28, Truman Capote, suka riƙa rubutawa ana ɗauka, abin da aka rubuta da dare shi za a yi da safe. Bogart ya zuba kuɗin kamfaninsa a ciki, fim ya fito bai yi kasuwa ba, domin masu kallo sun zo ganin Sam Spade ne suka tarar da abin da ba su san sunansa ba.

Ga labarin. 'Yan damfara huɗu suna zaune a wani garin bakin teku suna jiran a gyara wani ruɓaɓɓen jirgin ruwa da zai kai su Gabashin Afirka ta Ingila. Niyyarsu su mallaki wani fili da arha, domin sun samu labarin akwai yuraniyom a ƙarƙashinsa. Don kada asiri ya tonu, sun riga sun sa an kashe wani jami'in ofishin mulkin mallaka a Landan. Shugabansu Peterson, wanda Robert Morley ya fito a matsayinsa, ƙato ne mai kamalar liman da zuciyar kura. Lorre Bajamushe ne da ke amsa sunan mutanen Ailan, O'Hara, ya zo daga Kudancin Amurka, kuma duk wanda ya san inda 'yan Nazi suka gudu bayan yaƙi ya gane hannunka mai sanda. Na uku wani ɗan tsurut ne mai kiran kansa Manjo, mai yabon Hitila da Musolini, shi ne mai wuƙar. Bogart shi ne ɗan kamashon da zai haɗa su da masu fili. Sai suka gamu da wasu ma'aurata Turawan Ingila. Mijin, Harry Chelm, yana tafiya da ƙasaita kamar ɗan sarauta alhali ba kowa ba ne, matar kuwa, wadda Jennifer Jones ta fito a matsayinta, ƙarya take shararawa kamar numfashi. Ita ce ta ƙaga cewa mijinta yana da filin yuraniyom, ƙwararrun maƙaryata huɗu kuma suka gaskata ta, suka shiga zargin juna.

Daga nan komai ya riƙa lalacewa. Mota ta ƙwace ta gangara ta faɗa teku. Jirgi ya tashi, injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, kyaftin ɗinsa mashayi ne. Suka tsira a ƙaramin kwalekwale suka faɗa gaɓar Arewacin Afirka, sojojin Larabawa suka kama su. A ƙarshe ɗan sandan ciki daga Landan ya sa wa huɗun ankwa. Sai ga wayar tangaraho daga Harry Chelm, wanda kowa ya ɗauka wawa ne kuma aka zaci ya nutse, yana sanarwa cewa ya isa Afirka ya mallaki filin da ake ta kisa a kansa. Bogart ya karanta ya fashe da dariya, fim ya ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An ce wannan shiririta ce. To mu duba shekarar da aka yi shi. Shekara takwas ke nan da jefa bam a Hiroshima, kuma kaso mai yawa na yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bama-bamanta na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo shi, lokacin tana hannun Beljiyam. Shekara huɗu bayan fitowar fim ɗin, a 1957, Faransawa masu binciken ma'adinai suka gano yuraniyom a Azelik ta ƙasar Nijar, a 1971 kuma aka fara haƙarsa a Arlit. Ashe abin da ake yi wa dariya a fim ɗin shi ne babban cinikin zamaninsa. Finafinai nawa ne na wancan lokaci suka nuna Bature mai zuwa Afirka a matsayin jarumi, mai hular kwano da bindiga, mai kawo haske? Huston da Capote kuwa suka ce ga su nan yadda suke, ɓarawo da mai kisa da tsohon ɗan Nazi da ɗan kamasho, ko jirgin kirki ba su iya samu ba, kuma wanda ya yi nasara a cikinsu bai fi su komai ba sai sa'a. Ban san wata doguwar huɗuba a kan wawashe dukiyar Afirka da ta kai wannan dariya zafi ba. Fim ɗin yana nan a intanet ga mai son ya gani da idonsa.

Adalci ya sa in faɗi inda masu suka suke da gaskiya, wuri biyu ne. Na farko, shi kansa Beat the Devil bai kuɓuta daga cutar zamaninsa ba. Mutanen da za a ƙwace wa filin ba a nuna ko ɗayansu ba, Afirka suna ce kawai a bakin Turawa. Jami'in Balaraben da ya tsare su kuwa an mai da shi abin wasa, mutumin da za a saye da alkawarin haɗa shi da tauraruwar fim Rita Hayworth. Wannan dariyar raini ce, ba na kare ta. Amma maganinta shi ne a gyara inda aka nufa da dariyar, ba a kore ta daga fim ba. Na biyu, akwai finafinan da suka ari rigar duhu don wasa kawai. My Favorite Brunette na 1947, inda Bob Hope ya fito a matsayin mai ɗaukar hoton jarirai da ke mafarkin zama mai bincike, yana da daɗin kallo, amma ba wanda gabansa ke faɗuwa ko da an nuna shi a ɗakin masu jiran hukuncin kisa. Irin wannan wasa ne, a kira shi wasa. Ma'aunin da nake bi shi ne, bayan an gama dariya, shin gawar tana nan kwance? A The Maltese Falcon tana nan, har Spade ya miƙa macen da yake so ga hukuma saboda ita ta kashe abokin aikinsa. A The Third Man yaran suna nan a gadajensu. In dariya ta share jinin, fim ya zama wasan yara. In ta bar shi a inda yake, to ta ƙara masa ja.

Kada wani ya ce wannan gardamar Turawa ce, ba ruwanmu. Iyayenmu da suka yi zaman ci-rani a biranen gaɓar teku sun san finafinan nan, kuma sun yanke hukunci tun kafin masana su buɗe baki. A 1958 Jean Rouch ya fitar da Moi, un noir, wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan tare da samari 'yan Nijar masu aikin lebura. Sunayen da suka ɗauka wa kansu su ne shaida. Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa aikin soja a Indocin kafin ya zo neman abinci, ya kira kansa Edward G. Robinson, tauraron finafinan 'yan daba da na duhu. Abokinsa ya kira kansa Eddie Constantine, Ba'amurken da ya yi suna a Faransa da fitowa a matsayin Lemmy Caution, jami'in bincike mai naushi yana murmushi, a finafinan da suka cakuɗa laifi da barkwanci da kasada ba tare da neman izinin kowa ba. Budurwar da ke cikinsu kuwa Dorothy Lamour ake ce mata. Mutanen da suka wuni suna ɗaukar buhu a tashar jirgin ruwa, ba su da tabbacin aikin gobe, sun ga kansu a cikin mutumin da duniya ta matse amma bakinsa bai mutu ba. Shi Ganda daga baya ya zama mai shirya fim, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Mu kanmu ba baƙi ba ne ga wannan haɗi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tafiya ce mai nisa cike da damfara da ɗauri da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma ba wanda ya taɓa cewa dariyar da ke ciki ta rage masa daraja. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, maci amana, mun yi masa dariya muna yara, kuma daga wannan dariya muka koyi gane mai zaƙin baki. Idan tsoho ya cika da shekaru masu yawa, jikoki sukan yi ta tsokana a gidan makoki, ba wanda ya ce sun raina mamaci. Al'ummar da ta san wasan jika da kaka ba ta bukatar wani ya zo daga waje ya koya mata cewa dariya da mutuwa ba sa zama a tabarma ɗaya.

Abin takaici shi ne ra'ayin da nake yaƙa ya samu wurin zama a finafinanmu na Hausa, waɗanda muke kallo a zangonni da unguwanninmu kamar yadda ake kallonsu a Kano. An raba kasuwa biyu, ga camama ta ban dariya wadda ake yi wa kallon kayan arha, ga kuma fim mai ma'ana wanda ba a murmushi a cikinsa. In an tashi sa dariya a fim mai ma'ana, sai a kawo mai gadi ko ɗan aike ko baƙauye ya yi shirmensa na minti biyar ya fita, labari ya ci gaba kamar bai shigo ba. Duba wanda ake yi wa dariyar, talaka ne kullum. Alhajin da ya cinye dukiyar marayu, da ɗan siyasar da ya sayar da filin makaranta, da mai shigo da jabun magani, su ana nuna su cikin manyan riguna da manyan motoci, ana kaɗa musu kiɗa mai ban tsoro in sun shigo. Ko an kama su a ƙarshe, an riga an yi musu fadanci na awa biyu. Yaron da ya kalla ya tashi da sanin cewa talauci abin dariya ne, sata kuwa abin kwarjini.

Wannan shi ne abin da tsofaffin finafinan nan suka juya, shi ya sa nake kare su. Sun ɗora dariyar a kan mai ƙaton ciki da ke bin darma shekara 17, da masu zuwa sayen ƙasar da ba tasu ba a cikin jirgin da ba ya tafiya. Ga matasanmu masu riƙe da kyamara a Kumasi da Garwa da Injamena da sauran wurare, labarin yana ƙofar gidanku: dillalin biza da ya karɓi kuɗin mutum goma ya kashe waya, masu haƙar zinariya da suka sayar wa juna rami ɗaya sau uku, direban da ya ɗauko kayan da bai san mene ne a ciki ba ya nufi kan iyaka da dare. Kowane ɗaya akwai tafiya a cikinsa, akwai tsoro, akwai abin da zai sa a riƙe ciki don dariya, kuma akwai wanda zai rasa ransa ko dukiyarsa da gaske. Ku ɗauke shi yadda yake, kada ku tace. In wani masani ya ce muku kun haɗa abin da ba a haɗawa, ku tambaye shi ko ya kalli The Maltese Falcon har ƙarshe, ya kuma faɗa muku abin da Gutman ya yi bayan ya kankare tsuntsun.